Gwangwanin Sajan Barmu

A bakin hanyar Konni, nan Tawa,
gwamnati ta kafa allo mai koren fenti:
asibitin tsoffin sojoji,
gado sittin, wata goma sha takwas,
da lamba mai jan sifiri kamar ayarin raƙuma.
Shekara huɗu ke nan. Allo ya koɗe.
Lambar ce kaɗai ke ƙiba.

Ni ne mai ajiya, makullin sito na wuyana.
Ni ke sa hannu in siminti ya sauka daga Malbaza,
ni ke sa hannu in bai sauka ba.
Kada ku tambaye ni ranar da na fara.

An ce ƙarfe ya yi tsada. Gaskiya ne, ya yi.
An ce hanyar teku ta ƙara nisa. Ta ƙara.
Sai aka ga mai zane, can cikin sanyin ofishinsa,
ya yi wa masu keken guragu matakala goma sha biyu.
Aka fasa, aka biya kuɗin fasawa.
Aka sake, aka biya kuɗin sakewa.
Kowace takarda ta haifi ƙanwarta,
kowace ƙanwa ta zo da bakin ci.

Sajan Barmu yakan iso da hantsi,
sanda a dama, ƙafar hagu ya baro ta bakin tafki.
Ya zauna gindin aduwa
da gwangwanin tumatir tsakanin cinyoyinsa.
Mota ta shigo da kaya, tsakuwa ɗaya: ƙwal.
Mota ta fita da kaya, ya ciro ɗaya, ya sa aljihu.
Leburori suna ce masa sufeto.
Ya ce, ban yi lakwal ba,
amma harsashi aka koya mini ƙirgawa,
wanda ya ɓata ƙirge ba shi kwana gida.

Ranar Talata mota ta zo daga Yamai
da mace guda, Madam Sahiya, gilashi ɗaure da zare.
Ba ta sha lemun da Alhaji Nomau ya aiko ba.
Ta auna kaurin bango da hannunta,
ta ƙwanƙwasa ginshiƙi, ta saurara.
Littafina ya ce mota ɗari biyu da sha biyu.
Ta tsallaka titi, ta shimfiɗa gyalenta a ƙasa,
tsoho ya juye gwangwani.
Goma, goma, goma, kamar mai kasa gyaɗa.
Ɗari da arba'in da tara.
Sannan ya zazzage aljihu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni kurum,
ta ce, ina ɗaya littafin?
Yana ƙarƙashin buhunan da ruwa ya daskarar.
Ni na ɗauko shi.

Daga ranar ba a biyan dala
sai an auna abin da ya tsaya da ƙafarsa.
Aiki ya tsaya wata biyar ana gardama.
Cikin watannin nan Kofur Ango ya rasu
a bayan motar haya, hanyar Yamai, kusa da Dosso,
da takardar likita ninke cikin hularsa.
Wasu sun ce bincike ya kashe shi.
Wasu sun ce mota sittin da uku.
Ni ba ni da bakin raba wannan gardama.

Bana an rufa kwano a ɓangaren gabas.
Gado ashirin da huɗu, ba sittin ba.
Ƙofar tana da gangare, keke na hawa.

Makulli ya bar wuyana, har yanzu ina jin zarensa.
Ina sayar da ruwan sanyi a bakin allo.
Jiya tsoho ya kira ni da sanda,
idonsa ya fara hazo, ba ya rabe mota da mota.
Ya turo mini sabon gwangwani da ƙafar da ta rage,
ya ce, zamna nan.
Ga wata can tahe.